Wutsiyar Adireshi

Kwamfutar da Auta ta bar musu tana kan teburin cin abinci, an tokare bayanta da gwangwanin sukari domin marfinta ya daina tsayuwa da kansa. Tsohon ya zauna a gabanta kamar wanda aka kira shaida a kotu. A hagunsa takardar asibiti ce, ɗauke da sunan ciwon matarsa cikin rubutun likita. A damansa ya ajiye fensir, ko da yake babu abin da zai rubuta.

Shekara talatin da huɗu ya yi yana rarraba wasiƙu a gidan waya, a tsaye gaban kanta mai ramuka sittin. Aikin ya bar masa ciwon gwiwa da ɗabi'a guda: ba ya karanta adireshi daga sama. Sabon ma'aikaci ne ke farawa da sunan mai wasiƙa, ya ɓata wa kansa lokaci. Tsohon hannu layin ƙarshe yake dubawa, ƙasa, sannan gari, sannan unguwa. Suna sai daga baya, in ma an kai gare shi. Shi ya sa ranar da Auta, 'yarsu mai aikin jinya a wani gari mai nisa, ta zauna koya masa yadda ake gane shafin lafiya na gaskiya a intanet, bai bari ta dire ba.

"Baba, kada hoton likita ya ruɗe ka, farar riga kowa na iya sa ta. Ka dubi adireshin can sama, ka tafi ƙarshensa. In ya ƙare da ɗigo lafiya, to sai da hukuma ta tantance su kafin ta ba su wannan wutsiyar. In kuwa..."

"Ke Auta, da wutsiyar adireshi na biya kuɗin makarantarki."

Wannan bara ne, lokacin da babu abin da suke nema a intanet sai maganin ƙaiƙayin ido. Shekaranjiya kuwa likita ya sa matarsa, Malama, ta yi tafiya a baranda, ta taɓa hanci da yatsa, ta zana da'ira a takarda. Matar da ta yi shekara talatin tana zana da'ira a allon aji ba tare da kamfas ba, ta zana wani abu mai kama da gefen ganye. Likitan ya rubuta sunan ciwon, ya ba da ƙwayoyi, ya ce su dawo bayan mako biyu a zauna a yi magana, domin layin da ke bayan ƙofarsa ya kai har matakala. Kwana biyu ba su tayar da zancen ba. Yau da hantsi tana kwashe kofunan shayi ta ce, "Duba mana abin nan. Ni waya rawa take a hannuna, haruffan sai su yi ta gudu." Ta fita tsakar gida shanya.

Bai sha wahalar samun shafin ba. Wutsiyar tana nan daram. Farin shafi ne, babu hoto, babu ado, magana a miƙe. Ciwon ba ya warkewa. Magani yana rage karkarwar. Ciwon yana ƙaruwa a hankali, cikin shekaru. Ya karanta sau uku, ko wani layin zai sake ra'ayi.

Sai ya koma baya, ya buɗe wani shafin da tun farko ya tsallake. Koren ganye ko'ina, ga wata tsohuwa tana murmushi ta ɗaga butar shayi da hannu ɗaya, ko gezau. Adireshin ya fara da lafiya, ya sake maimaita lafiya a tsakiya, ya je ya ƙare da wutsiyar 'yan kasuwa. Ita idonsa ya fara gani, kafin ganyen, kafin tsohuwar. Ido ba ya mance aikinsa don an yi ritaya. Duk da haka ya bar shafin a buɗe.

An ce marar lafiya ba a gaya masa duka, a bar shi da ƙarfin zuciyarsa. In an bi diddigi, masu jinya ne suka ƙirƙiro wannan magana, kuma zuciyar da ake tattali ba lallai ta marar lafiyar ba ce.

Malama ta shigo tana goge hannu da gefen zane. Ta zauna a kujerar da ke fuskantarsa, inda ba ta ganin allon, ta ɗora hannun dama kan na hagu a cinyarta, kamar mai riƙe da ɗan tsako kada ya tsere.

"To, Sarkin Wasiƙu, me suka ce?"

Ya gyara tabarau, ya gyara murya. Ya karanta mata cewa an gano wani haɗin ganye da ke tsayar da karkarwa daga tushe, cewa jijiyoyi suna komawa sababbi, cewa cikin kwana ashirin mutum zai manta ya taɓa yin ciwon. Ta saurara ido a rufe, irin sauraren da take yi wa ɗalibi mai haddar jadawalin sau.

"Kwana ashirin," ta ce. "Kaza ma sai ta yi ashirin da ɗaya kafin ta ƙyanƙyashe. Mutum nawa suka gwada wa?"

"Sun ce dubbai."

"Dubbai ba lamba ba ce. Wanda ya rubuta mini dubbai a jarrabawa, ƙwai yake kai wa uwarsa gida."

"Ke dai ba a burge ki. Ga hoton wata ma, ta girme ki, tana zuba shayi."

"Allah ya ƙara mata lafiya. Karanta mini adireshin."

Ya kai yatsa saman allon. "Lafiya... sai ɗan layi... ingantacciyar lafiya..."

Ta buɗe ido.

"Daga sama ka fara."

Yatsan ya tsaya inda yake.

"Shekara arba'in da uku muna tare," ta ce, ba tare da ɗaga murya ba. "Takardar wutar lantarki daga ƙasa kake farawa. Katin gayyata daga ƙasa. Wasiƙar da na rubuto maka muna saurayi da budurwa, kai da bakinka ka ce sai da ka tabbatar da garin kafin ka ga sunanka. Yau kuma ka zama sabon ma'aikaci?"

A waje iska ta kaɗa wani zanin gado a kan igiya. Ya cire tabarau, ya rasa inda zai ajiye shi, ya mayar.

"Akwai wani shafin," ya ce.

"Na sani. Ina shanya na ji ƙafarka ta daina buga teburi."

"Malama, ki bari Auta ta zo. Ko likitan. Su suka san yadda ake faɗar irin wannan."

"A gidan waya, ka taɓa riƙe wa wani wasiƙarsa don ka ga ba mai daɗi ba ce?"

"Ban taɓa ba. Har ta rasuwa na sa a akwati."

"To tawa ce za ka fara da ita? Ba ni abina."

Ya rufe koren shafin. Tsohuwar da butarta suka ɓace. Ya buɗe farin, ya fara daga wutsiya, ya karanta adireshin gaɓa-gaɓa har farkonsa, sannan ya shiga cikin maganar. Da ya zo kan "ba ya warkewa" sai ya tsaya. Ta jira shi, ba ta taya shi ba, ba ta kuma kawar da kai ba. Ya wuce. Magani yana taimaka wa yawancin mutane shekaru masu yawa. Motsa jiki yana da amfani.

"Shekaru nawa?"

Ya duba sama, ya duba ƙasa. "Ba su faɗa ba. Sun ce ya bambanta daga mutum zuwa mutum."

"Yawwa. Waɗannan sun yi makaranta. Mai iya cewa ban sani ba, ana iya zama da shi." Ta ɗan karkata kai. "Amma kai ma kada ka ɗauke su ka ɗora a ka. Wutsiyar nan cewa ta yi ba maƙaryata ba ne, ba ta ce sun san ni ba. Akwai sunana a ciki?"

"Babu."

"Ashe irin takardar nan ce da kuke zubawa a kowane akwati."

Dariya ta kufce masa, wadda ba ta yi nisa da kuka ba. Ya share hanci da bayan hannu. "Ci gaba," ta ce, "ba a tashi aji ba."

Sashen ƙarshe na harkokin yau da kullum ne. Rubutu yakan ƙanƙance. Cokali mai kauri ya fi sauƙin riƙewa. A cire ƙananan darduma daga hanya saboda tuntuɓe. Ayyukan da ke buƙatar kan yatsu, kamar sa maɓalli da ɗinki, su ne sukan fara yin wuya.

"Tsaya nan."

Ya tsaya. Ba allon take kallo ba, ƙirjinsa take kallo, inda maɓalli na biyu ke lilo a kan zare ɗaya.

"Rigunanka nawa ne masu maɓalli?"

"Ina na sani? Ke kike wanke su."

"Goma sha ɗaya. Je ka kwaso su duka, har da ta ƙasan akwati da ka ce ta matse ka. Ka haɗo da gwangwanin zare, yana kan sif. Mutumin da ko tsumma bai iya ɗinkewa ba, ba zan bar shi yana yawo ƙirji a buɗe ana cewa matarsa ce ba ta da kirki ba."

"Yau ɗin nan?"

"Kana da takardar da ta ce gobe?"

Ya kwaso su, ya jibge a kan teburi kusa da kwamfutar. Ta zaɓi farin zare, ta lashi bakinsa, ta nufi kafar allura. Sau ɗaya, sau biyu, sau uku. Zaren bai shiga ba, ta miƙa masa. Ya ɗaga allurar wajen hasken taga, ya runtse ido ɗaya, ya soka zaren a iska.

"Makaho da mai rawa," ta ce. "Allah ya haɗa mu."

A karo na biyar zaren ya shiga. Ta ƙulla bakinsa da haƙori da yatsa, ta ce a fara da wadda ke jikinsa, ba sai ya tuɓe ba. Ya matso da kujerarsa har gwiwoyinsu suka haɗu. Ta kama maɓallin, ta kai allurar kusa da ƙirjinsa, tsinin yana ta ɓari tsakanin rigar da fatarsa.

"Kada ka motsa."

"Ban motsa ba."

"Na sani," ta ce, ta soka.