Wuƙa Ba a Kyautarta

Mijina Anselmo bai taɓa aikin sojan ruwa ba. Ko ɗan jirgin ruwan yawo na bakin tashar garinmu Valparaíso ya shiga, sai ya dawo da abin da ya ci. Amma leƙa falonmu ka sha kallo: tsofaffin wuƙaƙen hafsoshin ruwa ne jere cikin akwatin gilashi, irin waɗanda ake rataya wa samari a ƙugu idan sun gama horo. Ba ya bari in taɓa su. Ranar da na yi karambanin goge ɗaya da lemun tsami, fushi ya yi da abincina, wai na wanke mata tarihi.

A cikinsu akwai 'yar lelensa, mai ƙotar hauren giwa da ya koma ruwan ɗorawa don tsufa. Saboda ita amininsa Evaristo yake hawo tudunmu duk Lahadi, yana jan gwiwa yana haki. Ni in dafa shayi in gasa burodi, su kuma su hau musu.

"Ƙirar Ingila ce, tun zamanin da iska ke tura jirgi," in ji Anselmo.

"Ingilar wa? Kai tsohon banza, kuben ma ba nata ba ne. Sayar min in rufa maka asiri."

"Ko gawata ba za ta sayar maka ba!"

Haka suke tun gashinsu yana baƙi.

Sai Zulema, matar Evaristo, ta rasu. Mutumin ya rame ya lalace. Ya daina zuwa kasuwar tsofaffin kaya, tagar gidansa ma ba ya buɗewa. Lahadi kaɗai ke fito da shi, kuma nan yake cin abincin kirki.

Wata safiya Anselmo ya ce min tausayi ya ishe shi, zai ba shi wuƙar.

Na ce, "Tsoho, kanka ɗaya kuwa? In ya tafi da ita, me zai sake hawo da shi nan? Ɗaki zai shige ya rufe, sai dai a kira mu jana'iza."

Ya ce na cika surutu. Mai zuciyar kirki ne, amma idan ya kafe, jaki ma ya fi shi jin magana.

Lahadi ta zo. Ana gama shayi ya buɗe akwatin, ya ajiye wuƙar gaban amininsa.

"Ɗauka, taka ce. Amma ka san al'ada, wuƙa ba a kyautarta, zumunci take yankewa. Miƙo ƙwandala ɗaya mu ce ciniki ne."

Evaristo ya zare ta a hankali, idonsa ya ciko. Gabana ya faɗi, don ina son tsohon nan kamar ɗan uwana na jini. Ya daɗe yana kallonta, ya dubi kujerar da ya saba zama, ya dube mu. Sai ya mayar da ita kube, ya shafa aljihu.

"Kash! Yau ko sisi ban fito da shi ba."

"Clotilde, ara masa mana," in ji Anselmo yana dubana.

"Da kuɗin aro? Allah ya kiyaye," in ji Evaristo. "Ajiye min sai wata Lahadin. Kuma har yanzu kuben nan ba nata ba ne."

Anselmo ya zabura, musu ya dawo sabo.

Da zai tafi na raka shi bakin ƙofa. Ya kama ƙarfen matakala ya fara sauka, sai na ji aljihun rigarsa yana kacau-kacau da tsabar kuɗi. Ya tsaya cak, ya dafe aljihun da tafin hannu, ya waiwayo yana kallona kamar yaron da aka kama a tukunyar nama.

Na ce, "Ban ji komai ba, Evaristo. Taka a hankali."