Sunan da Inna Asta Ba Ta Iya Faɗa

A gidanmu na Durun akwai wani suna da ya ɓata, kuma wadda ta san inda yake tana nan zaune a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Kakata ce, Inna Asta, mahaifiyar babana. Ta haura tamanin da daɗewa, haƙora sun ƙare amma baki bai mutu ba. Ni take kira angonta, kuma kullum sai ta yi mini gorin cewa duk garin nan babu mijin da ya kai ni rowa.

Sunan na surukinta ne, uban mijinta, wanda kowa a gidan yake kira Mai Ƙaya. Ba ta taɓa ganinsa ba, ya rasu tun kafin a kawo ta. Mijinta, kakana Jibirin, shi kaɗai ya rage a cikin 'ya'yan tsohon, shi ma bai yi tsawon rai ba. Babana yana rarrafe ciwo ya kwantar da shi. A kan shimfiɗar ciwon ne ya faɗa wa Inna sunan mahaifinsa na yanka, ya roƙe ta idan Allah ya ƙara kawo ɗa namiji a gidan a mayar da wannan suna. Ta ce to.

Abin da marigayi bai duba ba shi ne wadda ya ba wa saƙon. Mu asalinmu Fulani ne. Shanu sun tafi, Fillanci ya tafi, kunyar ce kawai ta ƙi bin su. Inna ba ta taɓa kiran sunan mijinta ba, ba ta kiran na ɗanta na fari, to ina ga na suruki? Da aka haife ni, babana Malam Sajo ya zauna a gabanta ya yi ta jero sunaye, wai idan ya dace ta sunkuyar da kai. Ya fara daga Annabawa ya gangaro kan Sahabbai, har sunayen mutanen kasuwa sai da ya taɓo, Inna tana girgiza kai. Haka aka haƙura aka sa mini Ahmad. Da aka haifi ƙannena aka sake, aka sake haƙura. Har limamin unguwa aka ɗauko ya yi mata bayani cewa babu laifi a addini idan ta faɗa.

Ta ce, "Malam, ni ban ce zunubi ba ne. Kunya ce."

Liman ya ɗauki takalmansa.

Mun daɗe da mayar da abin wasa, har bara da matata Amatullahi ta samu ciki, aka ɗauki hoto a asibiti a Gwarzo aka ce namiji ne. Na kawo wa Inna albishir ina jiran ta tambayi goronta. Sai ta ture farantin gyaɗar gefe.

"Angona," ta ce, "ubanka ya tafi bai ji sunan nan ba. Wannan yaron shi ne na ƙarshe da zan gani, na sani. In na je can me zan ce wa kakanka?"

"Ki faɗa mini a kunne mana, Inna. Ba wanda zai ji."

Ta buɗe baki, ta rufe. Wallahi ta gwada, a gabana. Sunan ya zo har maƙogwaro ya tsaya. Sai hawaye. Ban taɓa ganin Inna tana kuka ba, ko ranar da aka fita da babana. Ranar na daina ganin abin a matsayin taurin kan tsohuwa, tausayinta ya kama ni sosai.

Ni malamin firamare ne a Kabo, kuma mai ɗan boko yana ganin babu abin da takarda ba ta riƙe ba. Na ce mata ta kwantar da hankali, mutum ba ya rayuwa a ƙasar Kano bai bar sawu a wani littafi ba. Zan nemo sunan in zo in karanta mata, ita dai ta sunkuyar da kai.

Na fara da Getso, don daga can aka ce tsohon ya taso. Dattawan da na samu a ƙofar masallaci suka karɓe ni hannu bibbiyu, muka yi gaisuwa har na ƙosa. Da na ambaci Mai Ƙaya sai aka shiga rige-rigen ba ni labari. Suka ce a da nan bakin iyaka ne, mahara daga arewa sukan faɗo wa ƙauyuka da rani su kwashi mutane da dabbobi. Manyan garuruwa suna da ganuwa, ƙananan ƙauyuka kuwa sarƙaƙiya ce ganuwarsu, wato ƙaya mai kauri da ake shukawa a kewaye gari, doki ba ya ratsa ta. Mai Ƙaya shi ne mai kula da ta wani ƙauye a yamma da Getso. Shi yake shukawa, shi yake toshe inda ta yi rauni. Wani tsoho ya hau bayan babur ɗina ya kai ni wurin. Ƙauyen ya tashi tuntuni, gonakin gero ne yanzu, sai wasu 'yan kututture a bakin kwari.

"To sunansa fa, Baba?"

"Ai shi ke nan, Mai Ƙaya."

"Na yanka nake nufi."

Ya dube ni kamar na tambaye shi sunan kakar tururuwa.

Da hutun makaranta ya zo na tafi Kano gidan adana kayan tarihi, daga nan aka tura ni Kaduna inda ake ajiye takardun zamanin Turawa. Can na sha zama. A kawo maka fayil mai warin tsufa, ka buɗe a hankali kada ya ɓare a hannunka, ka tarar lissafin jakuna ne da rijiyoyi. Turawan nan sun ƙirga komai a ƙasar Gwarzo, har itatuwan ɗorawa. A cikin rahoton wani jami'i da ya zagaya ƙasar a kan doki na ci karo da ƙauyen. Ya rubuta cewa ƙayar da ta kewaye shi ta fi duk wadda ya gani kyau, kuma wani Bafillace dogo mai tabo a hannuwa ne yake kula da ita, ko da yake hari ya ƙare. Na bi layin da yatsa ina jiran suna. Baturen nan ya rubuta tsayin ƙayar, ya rubuta faɗinta, har sunan dokinsa ya ambata a shafi na gaba, amma bai ga dalilin tambayar mutum sunansa ba. Na yi tsaki har wanda ke kusa da ni ya ɗago kai.

Wani ma'aikacin wurin mai suna Malam Mahbub ya ga yadda na yi, ya tambaye ni abin da nake nema. Da na ba shi labari sai da ya yi dariya har ya share ido, sannan ya ce ai shi ma kakarsa haka take. Ya ce in bar Turawa, in nemi littattafan alƙalai na da, don alƙali ba ya yanke hukunci bai san wanda ke gabansa ba. Da Larabci aka rubuta su, ni kuwa Larabcina bai wuce na salla ba, don haka shi ya riƙa dubawa idan ya samu sarari. Na koma gida. Cikin Amatullahi ya tsufa, Inna kuma ta daina tambayata, wanda ya fi tambayar ciwo.

Ana cikin girbin wake Malam Mahbub ya kira ni a waya ya ce in zo.

Shari'a ce ta shekarar yunwar nan da tsofaffi suke kira Kakalaba. Ya karanta yana fassara mini. A shekarar mutanen arewa sun kwararo kudu neman abinci, daga can ɓangaren da mahara suke fitowa a da. Mai unguwar ƙauyen ya sa an rufe ƙofa, ya ce abin da ke rumbu ba zai ishi 'yan gari ba balle baƙi. Wasu mata da yara suka zauna a bayan ƙayar suka kasa gaba. Mai Ƙaya ya ɗauki gatari ya sare kafa a cikin sarƙaƙiyar da ya yi rabin rayuwarsa yana raino, ya shigo da su, ya sauke su a gidansa. Mai unguwa ya kai ƙara. Alƙali ya tambaye shi dalili, sai ya ce: "Don masu mashi na shuka ta, ban shuka ta don masu goyo ba." Alƙali ya sallame shi. Amma zama ya ƙi daɗi a ƙauyen, a ƙarshen shafin an rubuta cewa ya nemi izini ya tashi da iyalinsa da baƙinsa zuwa wajen Durun.

Na ce, "Sunan fa, Malam?"

Ya juya shafin gaba da baya, ya cire tabarau. "Malam Ahmad, ka yi haƙuri. An rubuta: wanda aka fi sani da Mai Ƙaya. Shi ke nan."

Shi ma magatakardan alƙali ya ga kowa ya san mutumin, me zai ɓata tawada. Haka na dawo Durun da rayuwar mutum guda a cikin jaka, babu abin da aka aike ni nema.

Na samu Inna a inuwar ɗakinta. Ta ce, "Ango ya dawo daga yawon banza." Na zauna a kan tabarma na gaya mata gaskiya, ban samo ba. Sannan don kada tafiyar ta tashi a tutar babu, na ba ta labarin abin da na samo: ƙayar, tabon hannuwa, yunwa, gatari, da amsar da ya ba alƙali. Tana ji tana murza carbi. Da na zo kan matan da ya shigo da su sai carbin ya tsaya.

"Ta kafa suka shiga?"

"Ta kafa, Inna. Shi ya sare ta."

Sannan ta ce mahaifiyarta a goye ta zo ƙasar nan, a shekarar yunwa. Kakarta takan ba su labari cewa sun zauna a bayan wata ƙaya har sun fid da rai, sai wani mutum ya sare musu hanya, ƙaya ta yayyage masa hannu yana miƙo su ɗaya bayan ɗaya. Ba ta taɓa cewa ko wane ne ba, sai dai ta ce wani bawan Allah. Inna ta girma tana ganin gidansu da gidan nan kamar 'yan'uwa, har aka ba da ita a nan, ba ta taɓa tambayar mafarin zumuncin ba.

"Ashe shi ne," ta ce. "Ashe da bai ɗauki gatarin nan ba, babu ni."

Ta ci gaba da murza carbinta.

Amatullahi ta sauka lafiya, namiji, mai dogayen yatsu. Na ƙi yi masa huɗuba da kowane suna, ina ta jan ƙafa, har safiyar suna ta zo. Maza sun cika ƙofar gida, an shimfiɗa tabarmi, an raba goro da dabino, rago yana ɗaure a jikin dalbejiya. Liman, ɗan wancan limamin da Inna ta kora, ya matso kusa da ni ya ce, "Malam Ahmad, me za a raɗa?" Na riga na yanke a raina zan ce Jibirin, ko ba komai an mayar da kakana. Na ce ya ɗan ba ni lokaci kaɗan, ban ma san me nake jira ba.

Abin da ya faru a cikin gida daga baya Amatullahi ta ba ni labari. Inna ta shigo ɗakin mai jego tana dogara sanda, ta kori matan da ke ciki, ta ce a ba ta mijinta sabo tunda tsohon ya kasa. Hannunta ba ya iya ɗaukar jariri, don haka yaron yana kan cinyar uwarsa ta sunkuyo. Ta ja mayafi ta rufe kanta da shi, ta kai bakinta kunnensa. Ba da surukinta take magana ba, da jaririn take. Ta kira shi da sunansa, a hankali, kamar mai tashin yaro daga barci. Kunnen Amatullahi kuwa yana nan kusa.

Inna ta miƙe ta ce, "Ni dai da yaro na yi magana. In wani ya ji, ruwansa."

Amatullahi ta yunƙura za ta aika a gaya mini, sai ta ji nata bakin ya yi nauyi. Sunan kakan surukinta ne, ga shi kuma yanzu sunan ɗanta na fari. Ta dubi Inna, Inna ta dube ta, suka fashe da dariya suna hawaye. Sai dai ita Amatullahi ta yi makaranta. Ta jawo wayarta daga ƙarƙashin matashi.

Ina zaune liman yana duban rana, waya ta motsa a aljihuna. Kalma ɗaya ce. Na karanta, na sake karantawa, idona ya cika har harufan suka narke. Ba mu da mai wannan suna a Durun kaf, babana ko shekara zai yi yana jero sunaye ba zai faɗo kansa ba. Na miƙa wa liman wayar.

Aka yi addu'a, aka shafa. Sanƙira mai shela ya miƙe ya juya wajen ƙofar gida yadda mata za su ji, ya ɗaga murya:

"Sunan yaro Uwaisu! Allah ya raya Uwaisu!"

Guɗa ta tashi daga ciki. Na kutsa cikin gida ban ko tsaya karɓar barka ba. Inna tana zaune a bakin gado ta toshe kunnuwanta da hannu biyu, ta sunkuyar da kai har ƙasa.