Yadda Na Tsokano Jikana Daga Ciki

Jiya da dare, ina zaune a bencin asibiti, barci ya sace ni na yi wani mafarki.

Wai ɗakin haihuwa a saman wata kuka yake, ƙarin ruwa kuma daga hannu yake hawa ya cika leda. 'Yata Hurera na kwance, kwana biyu tana naƙuda. Likitar wata zabuwa ce mai tabarau. Ta shafa wa Hurera mai mai sanyi a ciki, ta ɗora na'urar hoton ciki, sai ga jikana a allo. Ya kwanta a gicciye, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

"Iya, saurari bugun zuciyarsa," in ji zabuwa. "Raguwa yake yi. In bai juyo da kai ƙasa ba, za mu rasa shi."

Na tsorata, wallahi.

Nas-nas ɗin duk balbelu ne. Suka jeru gaban allo suna lallashinsa. Yaro ya yi hamma ya juya musu ƙeya.

Na ce a ba ni na'urar. Lallashi bai taɓa tayar da namijin gidanmu ba, uku na raina, na san halinsu. Na kara bakina na yi masa irin ta kaka da jika.

"Kai ne angon nawa? To na fasa. An ce mini jarumi, ashe ko juyi ba ka iyawa."

Ya buɗe ido ɗaya. "Wace tsohuwa ce wannan?"

"Matarka ce, rago."

"Ni? Da haƙoran nan naki biyu?"

"Huɗu ne. Fito ka ƙirga in ka isa."

Sai bugun ya tashi, dum-dum-dum, kamar 'yan mata biyu a turmi ɗaya. Ya wuntsila, kai ya yi ƙasa. Zabuwa ta jefar da tabarau, Hurera ta yi nishi ɗaya, ni kuwa na rangaɗa guɗar da sai da ganyen kukar ya zube kaf. Daɗi kamar ya kashe ni.

Ƙarar bokiti ce ta tashe ni. Gari ya waye, mai goge-goge na tsaye a kaina.

"Iya, ɗaga ƙafa in goge. Ke kina nan kina munshari, angon naki na ciki ya cika mana kunne da kuka."