Kwalin da Na Kawo wa Baba

Akwati ɗaya na tufafi. Takalmi na Yaya Tahir. Turare. Sai kwali cike da jakunkunan roba, irin waɗanda ake manna wa mutum a ciki bayan an yanke masa hanji, bayan gida ya riƙa zuba a ciki. Da su na sauka Maiduguri. Kwalin yana kan cinyata, muna cikin mota a cunkoson Kasuwar Kwastam, Yaya Tahir ya nuna shi da haɓa.

"Shi ne wannan?"

"Shi ne."

"Alhamdulillahi. Riƙe shi da kyau, Najiba."

Tun bara aka gano Baba yana da sankarar hanji. Likita ta ce a yi tiyata da wuri. Ina Jamus, na yi magana da ita ta waya, aka sa rana. Bayan nan duk sanda na kira gida, amsar ɗaya ce. Ya jiki? Da sauƙi. Aikin fa? Komai na tafiya daidai. Na daɗe a waje har na manta cewa a gidanmu ko mai gargarar mutuwa da sauƙi yake.

Zauren gidanmu a unguwar Old Maiduguri cike yake da abokan Baba, dillalan shanu. Wani dattijo ya miƙe.

"Likita! Borno ta gode!"

Ni ba likita ba ce. Na durƙusa na gaishe su na wuce.

Baba yana ɗaki, kwance a tabarma gefen gado. Mutumin da yake kada bijimi da hannu biyu, yanzu agogo yana yawo a damtsensa. Na gaishe shi, na nemi izini na ɗaga rigarsa. Ciki a kumbure. Babu tabo, babu ɗinki.

Na ja Yaya Tahir tsakar gida.

"Ba a yi aikin ba?"

"Wane aiki kuma? Ke da kika gano magani?"

Ya ciro waya ya nuna mini. Hotona ne cikin farar riga, wanda jami'armu ta saka a shafinta. A ƙasa shi ya rubuta da Hausa cewa ƙanwarsa ta gano maganin sankarar hanji, ya watsa ko'ina. Ranar Juma'a mutane suka yi ta yi wa Baba barka a masallaci. Da ranar tiyata ta zo sai ya ce ba zai bari a farke shi kamar akuya ba alhali 'yarsa na tafe da allura.

"Me ya sa ba ku faɗa mini ba?"

"A ɗaga miki hankali kina ƙasar mutane? Ba a yin haka."

Na kira likitar a nan inda nake tsaye. Ta ce hoton ƙarshe ya nuna ciwon ya kai hanta. Tiyata yanzu ba warkewa ba ce, amma za ta hana hanjin toshewa, ta ƙara masa kwana. Ta ce ta aika musu saƙo har ta gaji.

Yaya Tahir ya sassauta murya. "Ki yi masa kowace allura ce, ko ta ƙarin jini. Kin dai ga mutanen da ke zaure."

Na bar shi na koma ɗaki, na buɗe kwalin a gaban Baba. Ya ɗauki jaka ɗaya, ya juya ta.

"Ina maganin?"

"Babu, Baba."

Na yi masa bayani yadda zan iya. Ciwon yana girma ne saboda ƙwayoyinsa suna jin wani kira da ke cewa su hayayyafa, kamar garke da muryar makiyayi. Mu a ɗakin bincikenmu muna cusa musu wani guntun ƙwayar halitta, ya toshe musu kunne. Ciwon ba ya mutuwa, sai dai ya rage gudu.

"To a rage masa gudun mana."

"Namu ba a fara yi wa mutane ba tukuna."

"Wa kuke yi wa?"

"Ɓeraye."

Ya yi dariya har ya riƙe ciki.

"Na sayar da shanu na kai ki makaranta, kika koma kiwon ɓera. Suna warkewa?"

"Suna ƙara kwana."

"Masha Allah. Ki gaishe su."

Na ce masa tiyatar tana nan, gobe ma za a iya karɓarsa. Na nuna masa yadda ake manna jakar, na ce ba a ganinta a ƙarƙashin babbar riga. Malamai kuma sun ce lalura ce, salla ta yi.

"Malaman ne za su tsaya kusa da ni a sahu?"

"Baba, in hanjin ya toshe, mutuwar ba ta da kyau."

"Akwai mai kyau ne a Jamus?"

Daga zaure ana jiyo su suna addu'a, sunana yana fitowa a ciki. Baba ya saurara. Ya mayar da jakar cikin kwali, ya tura shi ƙarƙashin gado da ƙafa.

"Duk wanda ya tambaye ni a kasuwa, na ce masa 'yata na zuwa. Ba zan fita in ce musu buhun kashi ta kawo mini ba."

Yaya Tahir ya leƙo. Baba bai dube shi ba.

"Najiba, rufe ƙofar nan."

Na rufe.

"Ba za a yanka ni ba," ya ce. "Ki zauna kaɗan, sannan ki fita ki ce musu kin yi mini allurar."