Karta a Malafar Ponciano

Tun da hantsi, a yaƙin ɓallewar Texas daga Meksiko, kyaftin ya raba wa mayaƙansa, mutanen garin Béxar na Texas, kartar wasa, ya ce kowa ya soke ɗaya a malafarsa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Fuskarsu da ta sojojin Meksiko da za a kara da su ɗaya ce, harshe ma ɗaya, su kuwa Amurkawan da suke sahu guda da su ba masu tsayawa tambayar asali ba ne in jini ya hau musu ka.

Ponciano Galván, makiyayi ne da furfura ta fara cin gemunsa, ya juya tasa yana tsaki.

"Ni da aka binne cibiyata a ƙasar nan, sai da takarda za a san ni ɗan Texas ne?"

"Soke abinka, tsoho," in ji Cleto, amininsa da ya riƙe masa ɗa ranar baftisma. "Wannan mummunar fuskar taka ko ni sai in harbe ta."

Da la'asar aka gwabza a filin San Jacinto, kuma kafin a ce me, rundunar Meksiko ta watse ta nufi fadama. Yaƙi ya ƙare, kisa bai ƙare ba. Duk wanda aka gani da baƙin gashi babu karta, sai dai gawarsa.

Can cikin dogayen ciyayi Ponciano ya yi tuntuɓe da wani sojan Meksiko magidanci, kwance cikin laka, ya dafe ciki. Mutumin ya cafke hannunsa.

"Ɗan'uwa, don Allah, addu'a. Kada in tafi haka kamar kare."

To, ina ɗan Béxar da zai yi addu'a a kan mai mutuwa da malafa a ka? Uwarsa ma sai ta taso daga kabari ta kwaɗa masa mari. Bai ko yi tunani ba, ya cire malafar ya ajiye a ciyawa, ya durƙusa.

Bai kai rabin addu'ar ba ya ji an ɗana kunamar bindiga a bayansa. Ya waiga a hankali. Wani dogon Ba'amurke ne, idanu jajir, bakin bindiga daidai goshinsa. Tsoro ya kama Ponciano irin wanda bai taɓa ji ba. Ga malafar nan kusa da gwiwarsa, amma a kife take, kartar na ƙasa, kuma ya sani sarai yana motsa hannu an gama da shi. Turancin da ya ɗan tsinta a hanya duk ya gudu. Sai matarsa Eduviges ta faɗo masa a rai: za a je a ce mata nasu ne suka kashe shi, bayan an ci nasara.

Sai sojan nan na kwance ya saki cikinsa, ya lalubo malafar, ya ɗaga ta sama, ya juyo da kartar.

Ba'amurken ya dubi karta, ya dubi Ponciano, ya dubi mai riƙe da ita. Ya sauke bindiga, ya tofar da yawu, ya yi gaba.

Wani irin numfashi ya kufce wa Ponciano, rabi dariya rabi kuka. Bai taɓa sanin warin laka na da daɗi haka ba.

Cleto ya ɓullo a guje yana haki.

"Kai mahaukacin ina ne? Sa malafarka! Ni za ka bar wa renon 'ya'yanka?"

"Yi min shiru, saura kaɗan."

"Saura kaɗan me?"

Ponciano ya koma kan addu'ar daga inda ya tsaya. Cleto ya yi ta zage-zage ƙasa-ƙasa yana waige-waige, bindiga a shirye. Da aka zo amin, hannun sojan ya riga ya saki.

Ponciano ya rufe masa ido, ya ɗauki malafarsa, ya miƙa wa amininsa hannu.

"Ɗaga ni, Cleto," ya ce. "Gida nake so."