Ƙwayar da Auta Ta Daina Sha

Kowa a gidansu, Farfesa yake ce mata, har Inna in tana jin tsokana. Aikinta a jami'a shi ne ta ba ɓeraye masu ciki magani, in sun haihu ta duba yadda ƙwaƙwalwar 'ya'yan ta kasance. Ba ta taɓa duba majinyaci ba, amma wa zai tsaya bambancewa? Ko ciwon haƙori aka yi a dangi, ita ake bugo wa waya.

Aibinta ɗaya, in bincike ya yi mata daɗi bakinta ba ya rufuwa. Ranar da suka haɗu cin abinci a wajen Inna, ta zaro waya tana nuna hotuna: ga ƙwaƙwalwar ɗan ɓera lafiyayye, ga ta wanda uwarsa ta sha maganin farfaɗiya, duk ta tsuke. Har sunan maganin sai da ta faɗa. Ta san sarai ƙanwarta Auta shi take sha tun tana makaranta. Abin da ba ta sani ba, Auta na da ƙaramin ciki.

Auta ta koma gida ta daina sha. Ba a jima ba mijinta ya kira, wai ciwon ya kayar da ita a gaban murhu, suna asibiti.

Farfesa ta same ta kwance, hannu a naɗe da bandeji. Likita ya ce cikin yana nan, amma in ta sake faɗuwa ba ya iya cewa komai. Ga ƙwayar a gefen gado, an yi juyin duniya Auta ta ƙi taɓawa.

"Yaya, ke nake jira. In na sha, kan ɗana zai zama irin na hoton nan?"

Kunya ta rufe Farfesa, ta ji ta tsani bakinta. Ɓera ba mutum ba ne, gaskiya ne, kuma abin da take ɗura wa ɓerayen ya ninka wannan. Amma haɗarin yana nan, ita da kanta ta gano shi. Ɗalibin da duk ya rubuta mata "babu shakka", jan biro take zabga masa.

Ta ɗauki ƙwayar ta sa a tafin ƙanwarta.

"Babu abin da zai same shi. Sha."

Auta ta haɗiye ba musu, kamar yadda ta daina ba musu. Ta gyara kwanciya, barci ya ɗauke ta, ta bar yayarta tsaye da kofin ruwa a hannu.