Shirun Sodangi Majemi

"Wa ya karɓi wannan?"

Baturen kamfani ya ɗaga fatar akuyar sama, ya sa ta tsakaninsa da rana. Mai Lofe ake ce masa a Boɗinga, don ba a cika ganin bakinsa babu lofe ba, amma a ranar ya cire shi ya jefa aljihu. Cikin fatar ya yi duhu, jijiyoyi sun fito raɗau cike da busasshen jini. Duk wanda ya taɓa riƙe wuƙar fiɗa ya san ba yanka akuyar nan aka yi ba. Mushe ce.

Ya jawo wata daga tsakiyar ɗaurin, ya jawo wata. Duk kanwar ja ce.

Arzika, wakilin kamfani a garin, yana tsaye bakin sikeli, gumi na bin bayansa. Leburori sun daina aiki. Mahauta biyu da suka kawo kaya sun gyara tsayuwa don su ji da kyau. Can gefe kuma tsoho Sodangi yana zaune a kan buzunsa, hatimin lamba a hannu.

"Arzika, da kai nake magana," in ji Mai Lofe da Hausarsa mai tauri.

Arzika ya ce, "Ranka shi daɗe, ni saye kurum nika yi. Zaɓe da buga lamba aikin tsoho na."

Bai dubi inda tsohon yake ba, amma ya ji idonsa a jikinsa.

Shekara uku ke nan da kamfanin ya kafa rumfa a bakin kasuwar Boɗinga. Fatar jar akuya yake so, wadda aka ce a can ƙasarsu babu kamarta wajen safar hannu da bangon littafi. Ba ya son jemammiya, ɗanya yake so, a shanya ta a inuwa, a ɗaure, mota ta kai Gusau, jirgin ƙasa ya wuce da ita Ikko, bakin teku. Tun da mahauta suka ɗanɗana cinikin Bature, sai majema suka rasa abin jima. Sodangi, wanda ya shekara arba'in hannunsa cikin ruwan bagaruwa, ya wayi gari yana kallon ramukansa sun bushe.

Danga ɗaya ce ta raba gidansa da na Arzika. Shi ya kama wa mahaifin Arzika ragon sunansa, shi ya tsaya masa ranar aurensa da Asabe. Saboda haka da Mai Lofe ya ce yana neman wanda ya san fata, Arzika ya kawo shi. Bature ya gwada shi, ya ga tsohon ko ido a rufe in ya shafa fata zai faɗi garin da aka yi kiwon akuyar. Nan take ya ba shi hatimi.

A bana ne maganar kanti ta taso. Kamfani ya ce zai gina babban kanti mai rufin kwano, da ɗakin ajiya, da shagon atamfa da gishiri da kananzir. Amma guda ɗaya za a gina, ko a Boɗinga ko a Shagari, duk inda fata ta fi fitowa kafin ruwa ya sauka. Wanda aka gina a garinsa shi ne babban wakili. Husaini, wakilin Shagari, ya ba Arzika rata, kuma damina ta matso.

Ana haka Arzika ya ji labari ciwon saifa ya faɗa wa awakin Horo Birni. Akuya tana kiwo sai ta faɗi, jini baƙi na fita ta hanci. Mutane sun feɗe abin da suka iya, sun kai wa Husaini, ya ƙi ko taɓawa. Arzika ya kwana biyu yana saƙa da warwara. A rana ta uku ya kora jakuna biyu ya nufi can.

Da hantsi ya sauke kayan a rumfa. Sodangi ya ɗauki ɗaya, ya juya ta, ya kai hanci.

"Arzika, wagga ba ta yanka ba ta. Ina kas samo su?"

"Baba, sun bushe sarai. Wa za shi gane cikin ɗauri?"

"Allah. Kuma ni."

"Baba, kantin ga in ya tahi Shagari, mu duka mun zauna. Har kai."

"To mu zauna. Ba ni buga musu lamba." Ya ɗaga murya ya ce da leburori, "Kowa shi ja baya, kada wanda yat taɓa."

Shi da kansa ya kwashe su, ya riƙa saɓawa a kafaɗa, suna gugar wuyansa, sawu biyar, har ya tara su bayan rumfa. Ya ce in an sauko daga azahar a haƙa rami a binne. Da ya tafi masallaci, Arzika ya sallami leburori su je cin abinci. Ya naɗe hannunsa da buhu, ya cusa fatun a tsakiyar ɗaurukan da aka riga aka buga wa lamba, ya ɗaure. Sannan ya tona ƙasa kaɗan a bayan rumfa ya mayar. Da tsoho ya dawo ya ce masa an binne.

"Madalla," in ji Sodangi. "Na san ɗan wa kake."

Kwana uku bayan haka ne Mai Lofe ya zo ya yanke igiyar ɗauri.

Yanzu ga shi ya juya wajen tsohon. "Sodangi, gaskiya ne? Kai ka sa lamba?"

Sodangi ya dubi fatar, ya dubi Arzika. Kallon bai daɗe ba. Ya sosa gefen wuyansa, inda wani ɗan ƙurji ya fito masa tun jiya.

"Lambata ta," ya ce. "Ido ya tsufa, ranka shi daɗe."

Mai Lofe ya yi faɗa har wuyansa ya yi ja. Ya ce irin wannan fatar tana kashe masu sauke kaya a bakin teku. Ya ce in aka kama guda ɗaya a Ikko, za a ƙone kayan kamfani gaba ɗaya, a hana shi saye a ƙasar Sakkwato. Ya sa aka zuba kananzir aka ƙone ɗaurukan da abin ya shafa. Sannan ya miƙa hannu, Sodangi ya ɗora masa hatimin, ya naɗe buzunsa ya fita.

Kafin la'asar magana ta gama kasuwa. A rumfar mahauta har da dariya. "Shekara arba'in shina jima, bai san mushe ba!" Arzika ya wuce su kansa a ƙasa.

Washegari Sodangi bai fito sallar asuba ba. Rana ta biyu ma haka. Arzika ya daina bi ta ƙofar gidan, ya koma zagayawa ta bayan rumbuna. Amma danga ba ta tare sauti. Yana cin tuwo yana jin nishin tsohon, da muryar matarsa Hajjo tana cewa sannu. An kira wanzami, ya duba ya ce wannan ba na ƙaho ba ne. An kawo rubutu, an kawo saiwoyi.

A rana ta huɗu Asabe ta dire masa kwano a gaba da ƙarfi.

"Malam, mi yah haɗa ka da Baba? Mutanen Dingyaɗi sun zo dubiya, kai da ka jin tarinai ba ka leƙa ba. Ni kunyar Inna Hajjo nika ji."

"Aiki ya yi man yawa."

"Aikin da anka kore shi, kai anka bar ka?"

Bai ci tuwon ba.

A ranar ne kuma Mai Lofe ya dawo da masu awo. Ya ce duk da abin da ya faru, fatar Boɗinga ta fi kyau, kuma ya ga wakilinsa ba ya ɓoye laifi ko na makwabcinsa ne. Nan za a yi kanti. Aka ja igiya, aka fara kafa turaku. Mutane suka yi ta miƙo wa Arzika hannu suna barka. Ya amsa har ya gaji, sannan ya zame ya nufi gida, wannan karon ta ƙofar Sodangi.

Ɗakin yana warin hayaƙin magani. Tsohon na kwance a gadon kara, wuyansa ya kumbura ya haɗe da kafaɗa, ido ɗaya ya rufe. Ƙurjin ya zama baƙi ƙirin kamar an manna gawayi. Hajjo ta ajiye mafici ta fita.

Arzika ya durƙusa, ya kai hannu.

"Kada ka taɓa ni," in ji Sodangi. Muryar da ƙyar take fita. "Kana da ɗiya ƙanana."

"Baba, motar Bature tana nan. Bari in roƙe shi a kai ka Sakkwato, wajen likita."

"Hanyar ga ba ni kai ƙarshenta." Ya numfasa. "An ƙone su duka? Ba ka rage ko ɗaya ba?"

"An ƙone, Baba."

"Wanga karon gaskiya ta?"

Arzika ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. "Wallahi gaskiya ta."

"To."

Daga nesa ana jin bugun guduma a kan turaku. Tsohon ya kasa kunne.

"Kantin na?"

"Shi na."

"Ya samu ke nan." Ya rufe idon da ya rage. "Babanka ya so ka zama wani abu."

Arzika ya buɗe baki. Maganar tana nan a maƙogwaronsa, ya shirya ta tun daga bakin kasuwa. Sai ga sallamar liman da mutum biyu a tsakar gida. Ya tashi ya ba su wuri, ya tsaya jikin bango kamar kowane ɗan dubiya, yana amsa amin.

Sodangi ya cika washegari da hantsi, lokacin da mata ke dawowa daga rijiya. Arzika yana rumfa yana awo Asabe ta aiko a kira shi.

Shi ya kawo likkafani, farin akoko sabo fil daga kayan kamfani. Shi ya shiga gaba wajen ɗaukar makara. A zaman makoki dattawa suka yi ta sa masa albarka.

"Makwabci ke nan," in ji liman. "Tsoho ya jawo mai asara wajen Bature, amma ku dubi yadda yat tsaya mai. Allah shi ba mu irinai."

Aka ce amin. Arzika ya sunkuyar da kai, suka ɗauka tawali'u ne.

Mai Lofe ma ya tsayar da mota a bakin hanya, ya cire hularsa. "Na ji tsoho ya mutu. Mutumin kirki. Amma ka gani? Ganganci da fata ba kyau."

"Haka na, ranka shi daɗe," in ji Arzika. Ya ji muryarsa tana faɗa, kamar ta wani.

Bayan sadakar bakwai mutane suka watse. Ranar ta kama ranar kasuwa. Arzika ya sa rigarsa zai fita, ya kai ƙofa, sai ya juya ya shiga gidan Sodangi. Hajjo tana ɗaki cikin takaba, an saki asabari. Ta ƙarƙashinsa yana hango ƙafafunta da ɗan kaskon da take kaɗi a kai. Ya cire takalmi ya tsuguna a bakin ƙofa.

Suka gaisa. Ya yi mata ya haƙuri. Ta ce haƙuri sai ma'aiki.

"Inna, akwai maganar da niz zo da ita." Ya dafa ƙasa da hannu biyu. "Hwatun ga, ba Baba yak karɓe su ba. Ni nis sawo su Horo Birni. Ya hana ni, ya ce a binne. Ni nic cusa su cikin ɗauri bayan idonai. Ciwon ga ma, garin kwashe su..."

"Na sani."

Ya ɗago kai.

"Tun ranar da yad dawo da buzunai ya hwaɗa man," in ji Hajjo. Muryarta ba ta tashi ba, ba ta yi rawa ba. "Na ɗauki mayahina za ni kasuwa in tona, yar riƙe ni. Yac ce in na buɗa baki bai yahe man ba. Wai in anka kore ka, gida biyu za su rasa tuwo, in shi anka kora, gida ɗaya na."

"Inna, ki yahe man."

"Rai na Allah na, ba kai ka da shi ba. Wanga na bar ma Allah. Amma ba cikin ɗakin ga anka yi mai dariya ba, Arzika. Rumfar mahauta anka yi ta. Jikokinai can za su tashi su ji an ce kakansu bai san mushe ba."

Ya mayar da kansa ƙasa.

"Ni ya hana ni magana," ta ce. "Kai ban ji ya hana ka ba."

Arzika ya zauna a wurin, takalmansa a gefe. Hayaniyar kasuwa ta fara tasowa, jakuna na wucewa ta bayan gida, wani yana tambayar ko an ga wakili. Ta ƙarƙashin asabari ya ga hannunta ya sauko, ta shafa alli a yatsu, ta murza mazari. Ya yi ta juyawa a cikin kaskon, farin zare yana hawa a hankali.